Gwiwar ƙarfen Baba da maganar da ban fassara ba

Shekara tara ke nan da muka ɗauki mahaifina, Malam Haruna mai albasa, daga gidanmu na unguwar Sabo a Ibadan muka kai shi makwancinsa. Mun rufe shi da ƙarfe a gwiwarsa ta dama, ƙarfen da ya yi shekara bakwai yana takawa da shi. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ni tela ne, shagona yana bakin Mokola, kuma na fi sabawa da almakashi a kan biro. Amma wata uku da suka wuce na sake shiga ɗakin likitan ƙashi, wannan karon da ƙanen Baba. Aka ajiye gwiwoyin ƙarfe biyu a kan tebur, tsohon samfuri da sabo, aka ce in yi tafinta. Tun ranar nake ɗauke da wata magana, kuma ba na jin za ta sauka sai na faɗe ta.

Baba ya zo Ibadan yana saurayi. Da dakon buhu ya fara, yana sauke albasa daga motocin da suka kwana biyu a hanya daga Arewa, kafin daga baya ya samu rumfarsa a kasuwar Bodija. Ko bayan ya zama mai rumfa bai daina sa kafaɗa ba. In ya ga ana jan buhu a ƙasa sai ransa ya ɓaci, ya ce albasa ba ta son wulaƙanci, ya ture mutum ya ɗauka da kansa. Buhunan nan ne suka ciyar da mu, su ne kuma suka cinye masa gwiwa.

Amma wanda ya san shi a kasuwa kawai bai san shi ba. A masallacin layinmu yake cikakken mutum. Yana da wuri a sahun farko, bayan liman, ɗan dama kaɗan, kuma ya fi shekara talatin a wurin. Ba wanda ya ba shi, riga kowa zuwa yake yi har wurin ya zama nasa. In baƙo ya tsaya a nan bisa kuskure, Baba ba ya cewa komai, mutane ne za su taɓa baƙon su nuna masa gefe. Da yamma kuma yana cikin masu zama a ƙasa kewaye da farin ƙyalle ana wazifa. A tsakiyar goshinsa akwai tabon sujada, baƙi, mai kauri kamar fatar tafin ƙafa. Muna yara mun ɗauka da shi aka haife shi.

Ni ne ɗansa na fari. Wanda ya tashi a gidan Hausa ya san abin da hakan ke nufi a wurin mutanen da. Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai," yake cewa, ko "wancan," ko in yana cikin nishaɗi, bayan na koyi ɗinki, "mai keke." Ba ma haɗa ido, ba ma zaman hira. Ƙannena mata suna hawa cinyarsa suna ja masa gemu, ni kuwa in ya shigo ɗaki sai in nemi hanyar fita. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ban taɓa jin haushinta ba. Na ambace ta ne don ba za a gane sauran labarin ba sai da ita.

Ciwon ya fara a hankali. An shafa man kaɗe, wanzami ya yi ƙaho, wata maƙwabciyarmu Bayarabiya ta riƙa aiko masa da agbo, jiƙon maganinsu, a kwalba, mai ɗaci kamar maɗaci. Ba abin da ya sauya. Gwiwar ta kumbura, ƙafar ta fara gwamewa, in ya taka muna jin ƙarar ƙashi yana gogar ƙashi. Duk da haka yana kai goshinsa ƙasa. Sai dai tashi daga sujada ya zama masa yaƙi, wani lokaci mutane sun kusa ruku'u shi bai gama miƙewa ba. Wata safiya na shigo gaishe su na tarar da shi a tsakar gida yana rarrafe da hannu zuwa inda buta take. Ya ɗago ya gan ni, na gan shi. Na juya na fita kamar ban ga komai ba, na tsaya a zaure. A ranar na ƙudurta cewa ko ta wace hanya sai an yi masa aiki.

Likitan da muka samu a lokacin ba Bahaushe ba ne, ba Bayarabe ba, Turanci kawai yake yi. Baba yana da Yarabancin kasuwa mai kaifi, har zagin wasa yake yi da shi, amma Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba. A gidan kuma ni kaɗai ne namijin da ya gama sakandare. Dole ta sa uba da ɗan fari suka zauna a benci ɗaya. Likitan ya ɗaga hoton ƙashi ya nuna mana inda guringuntsi ya ƙare. Ya ce za a aske bakin ƙasusuwan biyu, a sa wa na cinya hular ƙarfe, a sa wa na ƙwauri faranti, a sa roba a tsakani, a riƙe su da wani irin siminti. Na fassara. Baba ya saurara yana kallon bango. Bai tambayi zafi ba, bai tambayi haɗari ba. Tambaya ɗaya ya yi.

"Kai, tambaye shi. Bayan an sa, zan iya kai goshina ƙasa?"

Na tambaya. Likitan mutumin kirki ne, bai ɓoye komai ba. Ya ce ciwon zai tafi, zai yi tafiya, zai hau bene, zai zauna a kujera ya tashi ba wahala. Amma ya ce irin wannan ƙarfen yana lanƙwasawa ne kamar na mai zama a kujera, ya ɗan wuce kaɗan, shi ke nan. Durƙuso da zama a kan dugadugai kamar zaman tahiya, kada ya sa rai. Ya ce ya fi masa ya riƙa salla a kujera. Har ya ɗaga hannunsa ya lanƙwasa gwiwar hannu ya nuna iyakar inda abin zai tsaya.

Na juya na ce, "Ya ce za ku iya, in sha Allahu, a hankali."

Baba ya ce, "Duk wannan dogon zancen, abin da ya ce ke nan?"

Na ce, "Turanci ne, Baba. Yawan magana gare shi."

Ya yi 'yar dariya ta hanci, ya miƙa babban yatsa aka dangwala a takarda. Na san da na faɗa masa gaskiya da ya ɗauki sandarsa ya fita, ya koma rarrafe har ƙarshen ransa. Na gaya wa kaina cewa watakila likitan ya yi kuskure, watakila Baba da taurin kansa zai lanƙwasa ƙarfe. Gaskiyar ita ce ba zan iya sake ganin abin da na gani a tsakar gida ba. Na zaɓa masa, ban tambaye shi ba.

Aiki ya yi kyau, ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Cikin 'yan watanni ya ajiye sanda. Ranar da ya koma Bodija da ƙafarsa, Yarabawan layin doya suka yi ta ihu suna kiransa Baba mai ƙarfe, wani ya ce yanzu kam sai a sa shi a ƙungiyar ƙwallo. Shi kuwa hankalinsa ba a can yake ba. Motsa ƙafar da masu gashin ƙashi suka ce ya yi sau goma, sai ya yi sau talatin, gumi yana zuba, yana cije leɓe. Kullum bayan la'asar zai shimfiɗa dadduma a ɗaki, ya dafa gado, ya fara sauka. Gwiwar takan tafi, ta tafi, sai ta tsaya cak kamar ƙofar da ta bugi bango. Ya tsaya a haka, ba a tsaye ba, ba a durƙushe ba, har ƙafar hagu ta fara rawa. Sau ɗaya ya ce da ni, bai kalle ni ba, "A hankalin nan, har yaushe ne?" Na ce sai haƙuri, ƙashi ba ya son gaggawa. Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita.

A watannin nan a gida yake salla, a bakin gado, yana cewa na ɗan lokaci ne, kuma an ci gaba da bar masa wurinsa a masallaci. Sai wani zuwa asibiti ya faɗo daidai da gab da ƙaramar salla, lokacin da tela ba ya ɗaga kai daga keke. Ƙanensa, Baffa Isuhu, ya raka shi. Da suka dawo na ga Baffa ya sauko daga tasi riƙe da farar kujerar roba, sabuwa, da takardar farashi manne a bayanta. A Mokola suka tsaya suka saya. Da magariba Baba ya ɗauki kujerar da kansa ya nufi masallaci.

Wanda ya saba jam'i ya san kujera ba ta zama a tsakiyar sahu. In ka daidaita ƙafafunka da na mutane, kujerar za ta shiga wurin sujadar wanda ke bayanka. In ka matsar da ita gaba, ka fita daga sahu. Shi ya sa ake ajiye ta a ƙarshe, jikin bango. Liman ya ce a bar shi a wurinsa, za a san yadda za a yi. Baba ya ce a'a, ba zai karya wa mutane sahu ba. Ya ja kujerarsa har bango, kusa da tagar da ake ajiye takalma a bayanta, ya zauna. Wani ya matsa ya cike gurbin da ke bayan liman. Ina sahu na uku ina kallo. A lokacin shi kaɗai ne mai kujera a masallacin, kuma ana ganin abin kamar tawaya ce da ake kawar da kai daga gare ta. Malamai sun faɗa masa, kuma ya sani, cewa sallar mai uzuri a zaune cikakkiya ce. Bai taɓa musu ba. Amma sanin hukunci daban, kewar ƙasa a goshi daban.

Daga ranar bai sake shimfiɗa dadduma ya dafa gado ba, bai kuma sake tambayata har yaushe ba. Na ɗauka ya gaji ne ya haƙura, har na ji sanyi a raina, Allah ya yafe mini. Sai tabon ya fara dushewa. Ba a lura da irin wannan a rana ɗaya. Shekara ta farko kaurin ya tafi, ta biyu baƙin ya koma ruwan ƙasa, daga nan sai inuwa kawai. Ni da ba na kallon fuskarsa, na zama mai satar kallon goshinsa kullum. Sau da yawa na tsaya a bakin ɗakinsa da niyyar in faɗa, in ce Baba likita ya faɗa tun farko, ni ne na haɗiye. Sai ya ce, "Kai, lafiya?" in ce lafiya lau, na zo gaishe ku ne. Tsakanin uba da ɗan fari ba a bar ƙofar da irin wannan magana za ta bi ba. Ko kuma an bari, ni ne na fake da al'ada. Har yau ban yanke wa kaina hukunci a kan wannan ba.

Ba gwiwar ce ta yi ajalinsa ba. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, ya cika da hantsi ranar wata Talata. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Wani daga cikin dangi ya tambaya ko sai an cire ƙarfen kafin a rufe shi, malamin da ke tsaye ya ce a bar bawan Allah da abinsa. Da na zuba ruwa a ƙafar dama na bi dogon tabon ɗinkin da yatsa, na ji taurin abin a ƙarƙashin fata. Ƙafar ta miƙe sambal, ta fi ta hagu kyau. Sannan na wanke fuskarsa. Goshin sumul yake kamar na wanda bai taɓa sujada ba. A nan ne na kasa ci gaba, sai wani ya karɓi butar.

Bayan rasuwarsa na kamu da wata ɗabi'a. In aiki ya yi sauƙi sai in ɗauki waya in nemi labarin sababbin gwiwoyin ƙarfe. Na ga bidiyon tsofaffi a ƙasashen waje suna tsugunawa, suna durƙusawa, wani ma yana zaman tahiya, ana cewa sabon samfuri ne. In kalla, in sake kallo, in ce da Baba ya jira, da an haife shi baya da shekara goma, da maganar da na faɗa masa ta zama gaskiya. Yanzu na gane abin da nake nema a bidiyon nan. Ina so laifin ya zama na tsohon ƙarfe ne, na zamani ne da bai ƙaraso ba, ba nawa ba.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga Sabo ta yau. Kujerun da ke jikin bangon masallacinmu sun yi yawa har ana jera su biyu-biyu, kuma ba wanda ke sunkuyar da kai don ya zauna a kai. Tsofaffi da dama sun gaya mini ganin Malam Haruna a kujera ne ya sa suka daina ɓuya a gida. Da ya ji ana auna ƙashi da kwamfuta kafin a yanka, na san zai ce to, ita kwamfutar ta taɓa ɗaukar buhu? Sannan ya yi tambayarsa ɗaya, wadda bai da wata bayanta.

Baffa Isuhu shi ma a albasa ya tsufa, kuma gwiwarsa ta bi ta yayansa. Da aka tura shi wurin likitan ƙashi ya aiko a kira ni. Na ce 'ya'yansa sun fi ni Turanci. Ya ce, "Na sani. Kai nake so." Likitar mace ce, matashiya, tana haɗa Turanci da Yarabanci, amma Baffa ya ce Yarabancinsa na ciniki ne, maganar da ta shafi yanka jikinsa yana so ya ji ta da Hausa. Ta buɗe durowa ta fito da samfuri biyu. Na farkon tsohon samfuri ne. Irinsa ne ke cikin kabarin Baba.

Ta bar ni na riƙe su. A ido ɗaya suke, hula da faranti da roba a tsakani. Sai da ta fara nunawa na gane bambancin, kuma na gane shi ne da idon tela. Tsohon kamar rigar kanti yake, girma kaɗan ake yi, sai a nemi wanda ya fi kusa da mutum a daidaita ƙashinsa da shi. Sabon yana da girma iri-iri, mai faɗi da siriri, an bi siffar dama daban da ta hagu, ya fi kusa da ɗinkin da aka yi da awo. Ta juya bayan hular ta nuna mini. A tsohon, gantsarar bayan gajeriya ce, in gwiwa ta lanƙwasa sosai bakin ƙarfen yakan hau kan robar ya ci ta. A sabon an tsawaita wurin an zagaye shi don ya ci gaba da mirginawa. Ta ce robar tsohon takan sassaɓe da shekaru, garinta ya sa ƙarfen ya saki ƙashi, ta yanzu kuwa an ƙara mata juriya. Akwai wanda ke ɗan juyawa kamar yadda gwiwar da Allah ya halitta take yi, akwai kuma wanda ake sa wa gefe ɗaya kawai in sauran gwiwar bai lalace ba. Ina fassarawa zuciyata tana cewa ka gani, ka gani, da ya jira.

Sai ta ajiye su gefe da gefe ta ce kada mu raina tsohon. Ta ce an daɗe ana sa shi, an san halinsa, akwai tsofaffin da har yau suke takawa da shi lafiya, alhali wasu sababbin ba su yi shekarun da za a gama shaidarsu ba. Ta ce bidiyon waya waɗanda abin ya fi yi wa kyau kawai ake nunawa. Abin da ya fi nuna yadda gwiwa za ta lanƙwasa bayan aiki, in ji ta, shi ne yadda take lanƙwasawa kafin aikin, sai nauyin jiki, sai ƙoƙarin motsa ƙafa, sai hannun wanda ya yi aikin. Ƙarfen yana ba da dama ne kawai, ba ya ba da tabbaci.

Baffa ya gyara hularsa ya ce, "Tambaye ta. Zan iya kai goshina ƙasa?"

Kalmomin Baba ne, har da muryar. Na tambaya. Ta kwantar da shi ta lanƙwasa ƙafar har ya yi ƙara, ta auna, ta daɗe tana magana. Ta ce da sabon samfuri wasu suna iya sujada, musamman in sun sa abu mai taushi, wasu kuma ba sa iyawa. Zaman tahiya ya fi wuya, da yawa ba sa komawa gare shi. Gwiwarsa ta riga ta yi tauri, don haka ba za ta yi masa alkawari ba, ya shirya wa kujera a ransa, in an samu fiye da haka a gode wa Allah. Na buɗe baki, na ji gajeriyar jimlar nan ta taso mini har maƙogwaro, a shirye take kamar jiya na ajiye ta. Na haɗiye ta. Na faɗa masa komai, kalma bayan kalma, har da kujerar.

Baffa ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yau Hausar ta kai tsawon Turancin."

Ban san yadda muka fito ba. A ƙarƙashin wata bishiya a bakin titi, muna jiran tasi, na ce, "Baffa, ya sani?"

Ya ce ranar da ya raka shi, ranar kujera, likitan ya fita sai wata nas Bayarabiya ta zo duba ɗinkin. Baba ya tambaye ta da Yarabanci, yana wasa, yaushe ƙarfen nan nasu zai gama koyon durƙuso. Matar ta tsaya ta ce, "E pele, sannu Baba. Ba a gaya muku ba? Ai tun kafin aiki aka faɗa wa ɗanku." Baffa ya ce da suka zo Mokola, Baba ya ce da direba ya tsaya.

Na ce, "Me ya ce a kaina?"

Baffa ya ce, "Ba zan yi maka irin fassararka ba, duka zan faɗa. Ya yi hawaye a motar, ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da uwarmu ta rasu. Ya ce da an gaya masa da bai yarda ba, da ya gwammace ya yi rarrafe. Wannan ya faɗa, ba zan rage maka ba. Da muka ɗauko kujerar kuma ya ce, 'Auwalu tsoro ya ji. Kada ka gaya masa na sani, zai kasa shigowa ya gaishe ni.'"

Na ce, "Sunana ya kira? Auwalu ya ce?"

"Da bakinsa. Ni ma sau ɗayan nan na taɓa ji."

Na tambaye shi ko Baba ya yafe mini. Ya ce bai tambaye shi ba, kuma ba zai ƙirƙira mini amsa ba. Abin da ya sani kawai, shekara shida da wani abu Baba ya yi bayan nan, kullum in na juya na fita daga ɗakinsa yakan bi ni da kallo har in ɓace. Ya ce ya riƙe alkawarin yayansa shekara goma sha biyar, kuma da na sake gajarta magana a ranar da ya tafi da shi kabari.

Baffa ya yanke shawararsa da kansa. Za a yi aikin, ya zaɓi sabon samfurin, amma ya ce sai bayan azumi. Yana so ya yi na bana da goshinsa a ƙasa, ko da za a riƙa ɗaga shi ne. Ya kuma ce kada a saya masa kujera, ta yayansa tana nan. Tana nan kuwa, a jikin bango kusa da taga, ta yi ja saboda tsufa, an ɗaure ƙafarta ɗaya da waya.

In na auna abin da ya rage na Baba, ba shi da yawa a ido. Rumfar ta koma hannun wasu. Wurin da ke bayan liman mutum na uku ne yake tsayawa a kai yanzu, kuma bai san tarihinsa ba. A ƙarƙashin ƙasa, ina jin ƙarfen ne zai fi komai nasa daɗewa, abin da na sa aka sa masa ba da cikakken saninsa ba. Na ba shi shekara bakwai na tafiya da ƙafarsa, na karɓe masa shekara bakwai na sujada, kuma ba ni ne ya kamata in auna wanne ya fi nauyi ba. Ga duk wanda zai raka tsohonsa wurin likita ya tsaya a tsakani, roƙona ɗaya ne, ya faɗa duka. Ƙarfe ya sauya, kuma zai ƙara sauyawa, amma jikin nasu ne, sallar ma tasu ce.

Baba kuwa ya karɓi abin da na yi masa, ya saya wa kansa kujera, ya ɗauke ta zuwa bango, ya rufa mini asiri har a wurin kaina don kada in daina shigowa gaishe shi. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabarinsa, ya rubuta masa kowace sujadar da ya yi da zuciya. Ban nemi gafararsa ba yana raye, kuma wannan ƙofar ta rufe. Abin da ya rage mini shi ne ya kira sunana sau ɗaya, a cikin tasi, a bakin Mokola, ba na wurin. Yanzu in na kai goshina ƙasa nakan daɗe ban ɗago ba, ina yi masa addu'a. In na sallame, kafin in tashi, nakan dubi kujerar in amsa a hankali: na'am, Baba.